Zanen da Matar Sanga Ta Saƙa

Mun tashi daga Madina da asuba, ko addu'ar bayan salla ban tsaya na cika ba don tsoron kada bas ta tafi ta bar mu. Masu aiko min da saƙo kuna tambayar ina na shige a makon jiya, ga amsarku: Riyad na je, kuma ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Mu biyu muka tafi, ni da wani maƙwabcina mutumin Damagaram da ke karatu a jami'a a nan. Da ya ji abin da zai kai ni sai ya ce ba zai bar ni na shiga asibiti da Larabcina na direbobi ba, wai zan tambayi ɗakin marasa lafiya a nuna min wurin ajiye motoci. Ban yi masa musu ba, don gaskiya ya faɗa.

Abin da ya faru shi ne, a farkon makon wani Bangali da muka taɓa zama gida ɗaya ya kira ni, ya ce Sanga ya faɗi a wurin aiki. Sanga abokina ne tun ina Riyad, lokacin da nake jan motar wani kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, shi kuma yana hawa bango yana gyaran. Shekaru muka yi a ɗaki ɗaya, gadona a ƙasa, nasa a sama. Mutumin Indiya ne, amma in ka gan shi ba za ka yarda ba: gajere ne, fari, mai ƙananan idanu. Mu Hausawan gidan, Ɗan Caina muke ce masa, Larabawa su ɗauke shi Filibini, Indiyawa 'yan ƙasarsa su yi masa yaren Hindi ya tsaya yana kallonsu kamar yadda ni ma nake kallonsu. Shi dai ya ce shi Hmar ne, wata ƙabila ce da ke kan duwatsu can ƙarshen gabashin Indiya, kuma Kirista ne.

Bangalin ya ce jini ne ya hau masa kai, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Abin da ya fi tayar musu da hankali kuma, Turancin da Larabcin da yake ji duk sun gudu daga bakinsa, ba abin da ya rage sai yaren da ya sha a nono. An kawo masa mai jin Hindi, an kawo nas 'yar Filibin, an kawo ɗan Nefal, kowa ya saurara ya girgiza kai. Wayarsa a kulle take, shi kuma ba ya iya buɗewa, kamfani yana can yana neman danginsa ta hannun ejan ɗin da ya kawo shi. "Sadiƙ," in ji Bangalin, haka suke cewa aboki da Larabci, "kullum yana magana yana kuka, ba wanda ya san me yake so. Kai kaɗai muka taɓa ji kana yi masa yarensa."

Na ajiye wayar. Yaren da ake cewa ina ji, in aka tara shi duka bai isa na sayi gishiri da shi a kasuwarsu ba.

Bas ɗin mai kyau ce, kujerun suna kwantawa, amma direban ya ƙure sanyi kamar kifi ya ɗauko. Ba mu wuce Hanakiyya ba sai da na buɗe jaka na zaro gwadona. Tsohon gwado ne saƙar gida, fari da ratsin baƙi, Innata ta cusa min shi a jaka ranar da zan baro Kano, ina ce mata ƙasar da za ni zafi ne da ita tana cewa na dai riƙe. Abokin tafiyata ya dube ni na ƙudundune ya ce, "Yaya, yanzu da wannan za ka shiga babban birnin ƙasa?" Na ce masa ya bari mu kai Ƙasim mu ga wanda zai roƙi wani. Tun kafin mu kai ya jawo gefe ɗaya ya rufe gwiwoyinsa, bai kuma ƙara magana ba.

Hanyar Madina zuwa Riyad shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ba gargada, sai dai tsawonta yana sa mutum ya tuna duk abin da ba ya son tunawa. Da farko baƙaƙen duwatsu, daga nan fili fetal, raƙuma jefi-jefi a bayan waya. A wani shingen bincike ɗan sanda ya hau ya karɓi iƙamar kowa, wato katin izinin zama, ya duba, ya jinjina tawa ya dubi gwadon ya dube ni, ya mayar min. Da hantsi muka tsaya a wani wurin hutawa muka ci tamis da ful, burodin nan mai faɗi da dafaffen wake. Shayinsu kuwa kuɗin birni suke karɓa su ba ka ruwan ɗumi mai launi.

A nan ne Malam, haka nake kiran abokin tafiyar tawa, ya ce na karanto masa abin da na iya ya ji. Na fara lissafowa a ka. Tui, ruwa. Bu, dafaffiyar shinkafa, ko abinci gaba ɗaya. In, gida. Nu, uwa. Pa, uba. Nau, ɗa. Ruol, aboki. Thingpui, shayi. Ina faɗa ina jin muryar Sanga, domin da wasa muka fara abin. Ranar Juma'a in an sakko daga masallaci rana ta yi sanyi, mukan je lambun nan na Murabba kusa da gidan tarihi mu baje a kan ciyawa, tunda zama a wurin kyauta ne. Sai ya ɗaga robar ruwa ya ce, "Tui. Water." Ni kuma na ce, "Ruwa." Ya nuna hoton tsohuwarsa a waya ya ce, "Nu. Mother." Na ce, "Uwa." Turancin shi ne gadar da muke haɗuwa a kai, kowa ya miƙo wa ɗan'uwansa kalma ɗaya ya koma. Ranar da ya gano kalmarmu ta ruwa ta yi kama da ruo, ruwan sama a yarensu, tsalle ya yi ya ce ashe Hausawa 'yan'uwansu ne da suka ɓace, rana ce kawai ta ƙona mu.

Malam ya yi dariya, ya ce to wacce ce ta fi wuya a cikinsu. Na ce babu mai wuya, amma akwai mai nauyi, ita ce puon.

Wata shekara an yi sanyi mai tsanani a Riyad, irin wanda ke shiga ƙashi. Sanga ya buɗe akwatinsa yana neman safa, sai na hango wani zane a can ƙasa, baƙi mai kauri da ratsin ja, an naɗe shi a leda. Na ce ya ara min na ƙara a kan gwadona. Mutumin da zai ba ka rabin abincinsa ko bai ƙoshi ba, ranar ya ce a'a. Ya zauna a bakin gadona ya ce, "Puon. Cloth." Sannan ya yi min bayani da Turancinsa mai sauri. Matarsa ce ta saƙa shi da hannunta. A ƙauyensu in mutum ya mutu, matarsa ce take fara rufe shi da irin wannan zane, daga nan duk wani ɗan'uwa da aboki ya zo da nasa zanen ya shimfiɗa a kai. Mai jama'a har ba a gane siffar gawarsa saboda tulin zannuwa. Wanda aka kai rami ba zanen kowa a kansa kuwa, kamar bai taɓa zama cikin mutane ba ne, abin yakan zama tabo ga iyalinsa. Da zai taho ƙasar nan matar ta ce ita ba za ta iya bin sa ba, amma zanenta zai bi shi. Ya kalle ni yana dariya ya ce in ta Allah ta kasance a nan, ni ne matarsa ni ne ƙauyensu. Na ce Allah ya kiyaye na auri mai dafa ganye ba mai ba magi. Muka yi dariya, ya mayar da zanen ƙasan akwati.

Malam bai yi dariya ba wannan karon. Ya juya yana kallon gonakin dabinon Ƙasim ta taga, ni ma na bi su da ido har muka shiga jan rairayin nan na wajen Zulfi.

Mun shiga Riyad dab da la'asar. Garin da na bari ba shi na tarar ba. Aikin jirgin ƙasa ya farfasa tituna, ko'ina shingen roba ja da fari, ko'ina kwana. Mai tasin da ya ɗauke mu daga tasha, wani Bafakiste mai jan gemu, ya ce shi kansa kullum da safe sai ya sake koyon hanyar gidansa. Ni da na yi shekaru ina yawo da mota a garin nan, sai ga ni ina tambaya ina muke. Muka sauke jaka a ɗakin wasu 'yan gida a Shumaisi, muka yi salla, muka taka zuwa asibitin tunda lokacin ziyara ya yi.

Ban gane shi ba da farko. Sanga mai hawa bango da na'ura a kafaɗa ya koma ɗan mitsitsi a tsakiyar gado, bakinsa ya karkace, an zura masa roba a hanci. Idonsa a buɗe yake yana kallon silin. Nas ɗin ɗakin, wata Ba'indiya daga kudancin ƙasarsu, ta ce haka yake wuni, in an yi masa magana ba ya ko juyowa. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Sanga, i dam am?" Gaisuwarsu ce, wato kana lafiya. Tambayar banza ce a wurin mutumin da ke wannan hali, amma ita na iya.

Idon ya juyo a hankali. Ya tsaya a kaina. Sai hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya, ya kama hannuna da hannun hagunsa, ya shiga zuba magana. Jama'a, ban taɓa jin takaicin rashin sani irin na ranar ba. Magana yake yi da dukkan ƙarfinsa, harshen ya yi nauyi, ni kuma ina tsintar ɗaya na rasa goma. Na ji nu, na ji nau, na ji in. Uwa, ɗa, gida. Duk wadda na gane sai na maimaita masa ita, shi kuma ya matse hannuna. Da ya ce tui na gaya wa nas ɗin ruwa yake so. Ta ce ba ya iya haɗiya, amma ta jiƙa auduga ta goga masa a leɓe, ya lumshe ido. Ta ce kwanakin nan yana ta faɗin wannan kalma, ita ma idonta ya kawo ruwa.

Da ya huta sai ya sake jan hannuna. "Ka u," ya ce. Yayana kenan, haka yake kirana in yana son wani abu. "Ka u, puon."

Na ce, "Puon," na gyaɗa kai. Ya sake faɗa, na sake gyaɗawa. A bakin ƙofa nas ɗin ta gaya wa Malam a hankali cewa likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, jinin ya sake tsinkewa a kan, kada mu sa rai da yawa. Ba ta gaya min sabon abu ba. Mutumin da ya hana ni zanen nan a tsakiyar sanyi ba zai neme shi yau don yana jin sanyi ba.

Washegari da sassafe muka nufi Batha, inda gidan ma'aikatan kamfanin yake. Batha dai tana nan yadda na san ta, ita ce kaɗai ba ta canza min ba. Shagunan waya, shagunan agogo, masu jakunkuna da barguna, layin masu aika kuɗi gida tun kafin a buɗe ƙofa, ƙamshin biryani da na turare da na kwata duk a haɗe. Kowane lungu da yarensa. Na tsaya ina tunanin a cikin wannan tarin bakuna duka babu ko ɗaya da zai ce wa Sanga sannu da yarensa, abin ya tsaya min a rai.

A ɗakin muka tarar har an ba wani sabon zuwa gadonsa. Ban ga laifin kowa ba, haka gidajen nan suke, gado ba ya kwana da yunwa. Bangalin ya ce an kwashe kayansa an kai sito a ƙasan bene, makulli yana hannun haris, wato mai gadin gidan. Haris ɗin wani tsohon Bayamane ne siriri mai taurin kai. Ya ce mudir, wato manaja, ya hana a taɓa kayan sai dangi sun zo ko kafili, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya ba da izini, shi kuma mudir ya tafi Dammam. Na yi masa magiya da Larabcina, na haɗa da hannu da ƙafa, ya ce mamnu', an hana. Raina ya ɓaci, har na fara ɗaga murya, don ni in na ga ƙofa tsakanina da abin da nake nema ba na iya lallashi.

Malam ya dafa ni ya matsar da ni gefe. Ya gyara tsayuwa ya fara yi wa tsohon bayani da Larabcin littafi, tiryan-tiryan, wasali bai faɗi ba. Ya yi maganar baƙo, ya yi maganar haƙƙin maƙwabci, ya yi maganar matar da ke can wata uwa duniya ta saƙa zane don ranar da ba ta so ta gani. Haris ya saki baki yana kallonsa. Da ya gama tsohon ya ce, "Ya shaikh, tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa yi min huɗuba ni kaɗai." Ya yi 'yar dariya, ya share ido da gefen mayafinsa, ya zaro makulli. Ya ce zanen kawai za mu ɗauka, kuma a gabansa.

Akwatin yana can ƙarƙashin tsofaffin katifu. Na buɗe. Kayan aikinsa, littafin addininsu, kwalbar yajin da na ba shi ranar da zan koma Madina, ya cinye ya wanke ya ajiye. Sai takalman yara sababbi da bai cire musu leda ba, tsarabar hutun da yake shirin tafiya. A can ƙasa zanen yake, yana ƙamshin kafur. 'Yan ɗakin da ba su riga sun fita aiki ba suka zagaye mu suna tambayar na mene ne. Na yi musu bayani da irin Larabcin da muke yi a tsakaninmu, na ce a garinsu in mutum ya mutu, kullu sadiƙ, duk wani aboki, yakan kawo ƙyalle ya ɗora masa. Suka gyaɗa kai, kowa ya kama gabansa. Ban ɗauka maganar ta zauna a ran kowa ba.

A hanya na tambayi Malam abin da ke cina. Na ce, "Malam, mutumin nan ba addininmu ɗaya ba. In na yi masa wannan abin, babu laifi?" Ya ce, "Yaya, ba salla za ka yi masa ba, sutura ce. Ya ba ka amana yana da rai, kai kuma ka ce to." Hankalina ya kwanta.

Da la'asar na kai masa. Na zare ledar na sa zanen a ƙarƙashin hannun hagunsa, ban shimfiɗa masa ba tunda lokacin bai yi ba. Yatsunsa suka bi ratsin jan nan a hankali, suka dawo, suka sake bi. Ya yi ƙoƙarin ɗaga shi ya kasa, na kai masa kusa da hanci ya shaƙa. Ranar bai yi doguwar magana ba, kukan ma ya daina. Ya ce, "Ka lawm ie," wato na gode. Na zauna ina karanto masa kalmominmu ɗaya bayan ɗaya kamar muna lambun Murabba, in na faɗi ta yarensu na bi ta da Hausa. Da na ce ruo, ruwan sama, gefen bakinsa mai rai ya motsa. Da aka ce lokacin ziyara ya ƙare na ce masa mangtha. Sallamarsu ce ta rabuwa, ya taɓa gaya min ma'anarta a yi mafarki mai kyau. Leɓensa ya motsa amma sauti bai fito ba.

Da hantsin washegari nas ɗin ta kira lambar Malam. Ina ganin fuskarsa na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta ce za ta ja labule ta jira mu, amma mu yi sauri, masu ɗaukar gawa ba sa daɗewa. Na kira Bangalin na gaya masa, na suri jakata muka fita da gudu.

Mun same shi an rufe shi da farin zanen asibiti, zanen matarsa yana ninke a gefen matashi. Na warware shi na shimfiɗa daga ƙirjinsa zuwa ƙasa. Ashe bai da tsawo sosai, ƙafafunsa suna waje. Na tsaya ina kallo. Zane ɗaya tilo a kan mutumin da ya gaya min a garinsu ba a gane siffar gawar mai jama'a. Wallahi zuciyata ta karye, na ji kamar ni aka wulaƙanta. Na buɗe jaka na zaro gwadon Innata na ɗora. Malam ya cire mayafin da ke kafaɗarsa ya ɗora a kai.

Muna tsaye sai muka ji hayaniya a baranda, mai gadi yana cewa ba lokacin ziyara ba ne. Na leƙa. 'Yan ɗakinsa ne cikin kayan aiki, sun sa direban kamfani ya karkato da mota daga hanyar wurin aiki, sun san mudir zai yi faɗa sun dai taho. Nas ɗin ta fita ta roƙi mai gadin, ya ce su shiga ɗaya-ɗaya. Bangalin ya shigo da sabon zanen ɗaurawarsu mai gida-gida. Wani Bafakiste ya kawo mayafin ulun da yake rufa da sanyi. Ɗan Nefal ya rasa abin kawowa, ya tsaya a Batha ya sayi tawul, ko takardar kuɗin bai cire ba. Sabon zuwan da aka ba gadon Sanga, wanda bai taɓa ganinsa ba, shi ma ya zo da zanen gado. Na ƙarshe ya miƙo min wani mayafi mai ratsi ya ce haris ne ya aiko, wai a ce wa shaikh mai huɗuba ya ɗora masa. Kowa ya shimfiɗa nasa ya ɗan tsaya ya fita, wani yana addu'a a yarensa, wani yana shiru. Da suka gama, nas ɗin ta buɗe jakarta ta ciro gyalenta na zuwa gida ta ɗora a sama.

Na duba gadon. Ba a gane siffarsa. A nan ne kukan da nake riƙewa tun daga Madina ya ƙwace min.

Masu ɗaukar gawa suka zo, babbansu wani Basudane dogo. Ya ce ƙa'ida farin zane kawai ake shiga da shi ɗakin sanyi, kuma gawar za ta jira har takardu su kammala kafin a sa ta a jirgi, abin da kan ɗauki lokaci. Malam ya yi masa bayani. Mutumin ya ninke zannuwan da kansa ɗaya bayan ɗaya, na matar a sama, ya sa a babbar leda ya rubuta sunan Sanga a jiki. Ya ce ranar da za a rufe akwati shi zai shimfiɗa su yadda ya same su, wannan a wuyansa. Ban san shi ba, amma na yarda da shi, kuma na bar wa Bangalin lambarsa.

Ba abin da ya rage mana a Riyad. Washegari muka hau bas ta komawa. Direban wannan ma ɗan'uwan wancan ne wajen sanyi, ga shi ba gwado ba mayafi, muka takure kamar kaji a ruwa. Malam ya ce da ya sani da tawul ya saya shi ma. Mun wuce Majma'a kenan wayata ta yi ƙara da wata lamba ta waje. Muryar budurwa ce, ta ce ita ce babbar 'yar Sanga, kamfani ya same su jiya, an ba ta lambata. Ba ta tambaye ni yadda ya mutu ba, ba ta tambayi kayansa ba. Cikin Turanci ta ce, "Kawu, mamata tana tambaya, an rufe shi?"

Na ce an rufe shi, da zanen mamanta aka fara. Na ji ta juya tana faɗa, sai uwar ta karɓi wayar. Ita ba Turanci, ni ba yarensu. Na rasa yadda zan gaya mata ba nata kaɗai ba ne. Sai na ce, "Puon." Na ce, "Ruol," ina tuna Bangalin. Na sake cewa ruol, ina tuna Bafakisten. Na yi ta faɗa, kowane mutum da nasa, har mai tawul, har haris, har nas. Tun ina tsakiya ta fashe da kuka. Ta yi magana mai tsawo wadda ban tsinci komai a ciki ba sai ƙarshenta, ka lawm ie. Na ce mata mangtha, layin ya katse.

Mun iso Madina bayan la'asar, mura ta kama mu mu duka biyun. Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai yawa ba ne, amma ya zauna min. Mu da muke zaman ƙasar mutane, muna kwana ɗaki ɗaya da bayin Allah shekara da shekaru, mu laƙaba musu sunan ƙasar da ba tasu ba, mu rabu ba mu san yadda suke cewa ruwa ba. Ni da wasa na koyi 'yan kalmomin nan, don kashe yammacin Juma'a, ban san su ne za su zama na ƙarshe da abokina zai ji a duniya ba. In akwai wani a ɗakinku, ku tambaye shi yadda ake cewa ruwa da uwa da gida a garinsu, ku kuma tambaye shi abin da ake yi wa mutum in ya mutu. Ku ma ku gaya masa naku.

Da na huta na kira Innata a Kano. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na gaya mata gwadonta ya tafi Indiya, na ba ta labarin tun daga farko. Ta saurara har na kai ƙarshe. Can ta ce, "Ya rufe shi har ƙafa?"

Na ce, "Har ƙafa, Inna."

Ta ce, "To, alhamdulillahi. Dama don haka na ce ka riƙe."